Kilo da Kujerar Gefe

Mijin yayata ya yi rayuwarsa yana gwada motoci, ni kuma na yi tawa ina ɗinka musu kujeru. A kamfani ɗaya muka yi aiki, a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, kuma kusan duk rigimar da ta taɓa haɗa mu a kan soso ce.

Kamfanin ba babba ba ne. Wani dogon shago ne a bayan tashar manyan motoci, inda ake haɗa ƙananan motocin gudu masu kujera biyu, irin waɗanda in ka tsaya kusa da su da ƙyar rufinsu yake kai maka ƙugu. Inji sayo shi ake yi, sauran aikin kuwa duk da hannu ne. Masu walda suna gaba, masu fenti suna can ƙurya a bayan labulen leda, ni kuma ina wani ɗan ɗaki da keken ɗinkina, inda warin gam ba ya fita ko an buɗe taga. Mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Tsoho, magana ɗaya yake maimaitawa: injinmu ƙarami ne, duk abin da aka ɗora masa da gudu zai biya. Shi ya sa aka kafa sikeli a tsakiyar shago, ba abin da zai shiga mota sai ya hau shi.

Mijin yayata da walda ya fara. Ubansa mai gyaran keke ne, ya taso yana ɗaga keke da hannu ɗaya yana faɗin wanda ya fi wani nauyi. Siriri ne, dogo, ba shi da yawan magana, kuma duk abin da aka miƙo masa, ko madubi ne ko marfin tanki, sai ya jinjina shi a tafin hannu ya ce, "Kilo nawa ne wannan?" Daga nan sunan ya bi shi. Har Tsoho Kilo yake ce masa, kuma na san mutanen da suka yi shekaru tare da shi ba su san sunansa na yanka ba.

Gwajin mota kuwa faɗo masa ya yi. Wata rana aka ba shi sabuwar mota ya kai ta a sha mai, ya dawo ya ce sufirin ɗin baya na hagu, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ya fi na dama laushi. Aka kwance aka duba, haka ne. Tsoho ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce a ƙugunsa ya ji. Tun daga ranar, duk motar da aka gama sai ya fita da ita zuwa wani tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi a bayan gari, ya yi ta zagaye da ita, yana shan kwana yana taka birki, har sai ya yarda da ita kafin a kira mai ita.

Daga nan rigimarmu ta samo asali. Ni abin da aka koya mini shi ne kujera wurin hutawa ce. Nakan sa soso mai kauri a mazauni, in ƙara wani a wajen ƙugu, in rufe da fata mai laushi. Sai Kilo ya shigo ɗakina, ya danna ta da babban yatsa.

"Mai Soso, wannan katifa ka ɗinka ko kujera?"

"Mutum ne zai zauna a kai, ba buhun siminti ba."

"Rage rabi."

"In na rage rabi ƙarfe za ka zauna a kai."

"Ƙarfen nake son ji. Taya tana magana, ta kujera take gaya mini. Kai kuma ka toshe mata baki."

Mukan kai ƙara wajen Tsoho, Tsoho kuwa kullum bayansa yake bi. In koma in ɗauki wuƙa in fere soson da na ɓata yini ina gyarawa. Ba kujera kaɗai ba. Shi ya sa aka cire kafet, aka cire bargon da ake shimfiɗawa a ƙasa don tare zafi da ƙara, aka maye hannun ƙofa da 'yar igiya. Rediyo kuwa ko zancensa ba a yi. In wani ya ce ai masu saye za su so kiɗa, sai Kilo ya ce ga inji nan, su saurara.

Gaskiya kuma sai a faɗe ta: motocin nan sun yi kyau. Inda manyan motoci masu ƙaton inji suke rage gudu kafin kwana, tamu shigewa take yi kamar an ja ta da zare. Ba ta cin taya, ba ta shan mai, kuma in ka taka birki a nan take take tsayawa. Masu sayenta ba su da yawa, amma wanda ya saya ba ya sayarwa.

Yaya malamar firamare ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta zo shagon ne wata rana ta kawo mini tabarauna da na manta a gida, ta tarar ni da Kilo muna cacar baki a kan kujera. Ta saurara kaɗan ta ce wa Kilo, "Kai da ba ka da naman zama, ai kai ya kamata ka nemi a ƙara maka." Shagon ya ɗauki dariya. Bayan sati sai Kilo ya fara tambayata lafiyar mutanen gida, abin da bai taɓa yi ba. Da aka sa ranar aurensu masu walda suka yi ta tsokanarsa wai sai amarya ta hau sikeli kafin ya yarda.

Sau ɗaya ya ɗauke ta a irin motar, suna sabon aure. Ta dawo kunnuwanta suna ƙugi, tafin ƙafarta ya yi zafi saboda bututun salansa a ƙarƙashin gefenta yake bi. Ta ce mini duk abin da ta faɗa masa a hanya bai ji ko ɗaya ba, sai murmushi yake yi yana gyaɗa kai. Ba ta sake shiga ba, shi kuma bai sake tayi ba. Ta ci gaba da hawa bas zuwa makaranta, shi yana zuwa aiki a kan keken ubansa.

A gida mutum ne mai sauƙin zama. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, kuma shi ne mai yi musu wanka da safe in Yaya tana sauri. Kayansa kaf ba su cika akwati ɗaya ba. Takalminsa mai siririn ƙasa ne, wai don ya ji abin da yake takawa, in ya mutu sai ya sayi irinsa sak. Abin da Yaya ta fara kawo mini ƙara a kai shi ne talabijin. Ta ce kullum sai ya ƙara mata murya, har maƙwabta sun san labaran da suke kallo. Muka yi dariya muka wuce, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Tsoho ya rasu muna da furfura jefi-jefi. Ɗansa ya karɓi kamfanin, mutum mai hankali wanda ya taso a gabanmu, muna ce masa Ƙaramin Oga. Bayan wata biyu ya tara mu a kusa da sikelin, ya gaya mana halin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye. Samarin da suke son motarmu ba su da halin saye. Masu halin saye kuma manya ne, masu ciwon baya da ciwon gwiwa, suna zuwa su shiga su fito suna gumi, su yi godiya su tafi wani wuri. Ya ce daga yanzu za a sa na'urar sanyi, a sa rediyo, a sa gilashi mai hawa da kansa, a sa sitiyari mai taushi, a mayar da kafet. Ya juyo ya ce da ni, "Kawu, kai kuma ka saki hannunka."

Kowa ya saci kallon Kilo. Shi kuwa ya ce, "Ka san nauyin abin da ka lissafa?"

"Na sani, Baba."

"Kamar ka ɗauki ƙaton mutum ne ka zaunar a kan bonet, ka ce ba zai sauka ba har abada."

"Na sani. Amma in ban ɗauke shi ba, mutanen da ke tsaye a nan za su koma gida."

Na zaci Kilo zai ajiye aiki. Yaya ma haka ta zata, har ta fara tunanin yadda za su yi. Washegari sai ga shi ya riga kowa zuwa. Da aka gama motar farko mai kayan nan ya fita da ita, ya dawo fuska a ɗaure, ya ce tana jan jiki a kwana kamar mai ciki, kuma birkinta ya yi mata kaɗan. Bai tsaya a nan ba. Ya shafe watanni shi da makanikai suna canza sufirin, suna gwada birki mai faɗi, suna matsar da wannan gaba, suna mayar da wancan baya. Na tambaye shi me ya sa yake kashe kansa a kan motar da ba ya so.

"Ba ita ta ɗora wa kanta ba," in ji shi. "Tunda za ta ɗauki kaya, gara in koya mata ɗauka."

Motar ta karɓu. Aka ƙara ma'aikata, aka faɗaɗa shago. Ni kuma na samu abin da na daɗe ina nema, ina ɗinka kujera yadda nake so ba mai fere mini soso. Amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Kilo ya daina shigowa ɗakina. In ya zo wucewa sai dai ya ɗaga hannu.

Tsohuwar motar gwaji, wadda aka haɗa tun zamanin Tsoho, ba a taɓa ta ba. Tana ajiye a gefen shago, ja ce, fentinta ya koɗe. In an tashi aiki da wuri yakan fita da ita filin jirgi shi kaɗai.

Ranar da aikinsa ya ƙare ina tare da shi a mota. An kawo mini wani sabon soso ne, na ce ina so in ji yadda yake a kan hanya, ya ce in shigo. Da hantsi ne, gilashi a rufe, sanyi yana busowa. Mun yi zagaye kamar biyu sai na fara jin wani siririn kuka daga tayar baya, yana ƙaruwa in ya ƙara gudu. Ni ba makanike ba ne, amma na yi shekaru a shagon, na san kukan boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, in ya fara lalacewa. Na yi shiru ina jira ya yi magana, don a da shi ke jin irin wannan tun kafin kowa. Bai ce komai ba. Muka sake zagayowa, ya rage gudu ya nufi hanyar fita, ya ce, "Wannan ta yi. A kira mai ita."

Na ce, "Ba ka ji bayan ba?"

"Me?"

Na ɗaga murya. "Tayar baya. Tana kuka."

Ya tsaya. Ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilashi, ya sake tayar da mota, ya karkatar da kai waje yana gudu. Na ga yadda yake ƙoƙari, har jijiyar wuyansa ta fito. Ya sake tsayawa a tsakiyar filin, ya kashe inji, hannayensa biyu a kan sitiyari.

"Har yanzu tana yi?"

"Tana yi."

"Da ƙarfi?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Da ƙarfi."

Can ya ce, "A tsohuwar da na ji shi a jikina. Wannan kujerar taka ba ta gaya mini komai." Bai faɗa da faɗa ba. Daga baya ya ƙara da cewa, "Amma ba laifin kujera ba ne. Kunnen ne."

Na ce ai ba sai kowa ya sani ba, zan ce shi ya gano. Ya girgiza kai. Muna komawa ya wuce ofishin Ƙaramin Oga, ya gaya masa da bakinsa cewa ya kusa sallamar mota da lalataccen boris, kuma daga yau a nemi wani. Likitan da ya duba shi ya ce ƙarar inji ta shekara da shekaru ce ta cinye kunnen, ba zai dawo ba. Aka ba shi ɗan abin ji na saƙalawa, yakan sa in Yaya tana kallonsa.

Ƙaramin Oga ya yi masa abin kirki. Ranar sallama ya miƙa masa makullin jar motar, ya ce ai dama tasa ce. Kilo ya kai ta gida ya ajiye a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Kusan shekara biyu yana fita da ita da safe, ya je ya dawo, ya goge ta. A lokacin 'ya'yan duk sun yi aure a nesa, Yaya ta yi ritaya.

Sai ciwon baya ya taso. Dama yana fama da shi a ɓoye, ashe. Ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, har ta kai ba ya iya danne kuloci. Aka yi masa aiki a ƙashin baya, ya tashi da sanda, aka ce sai ya riƙa zuwa gashin ƙashi a babban asibiti, wanda ke can ƙetaren gari. Likitan ya tambaye shi wane irin aiki ya yi, da ya ji sai ya ce ai shi ke nan, duk ramin da motar ta faɗa ƙashin bayansa ne ya karɓa.

Da farko tasi suke ɗauka. Ranar da aka samu a je, ranar da ba a samu ba a tsaya a bakin titi da mara lafiya. Wata rana na je gaishe su na tarar da Yaya a tsaye a gaban jar motar, ta riƙe ƙugu.

"Baban yara," ta ce da ƙarfi don ya ji, "ga mota a ƙofar gida muna tsayuwar titi. Koya mini."

"Wannan ba motar koyo ba ce, Malama."

"Ita muke da ita."

"Sitiyarinta da tauri."

"Na yi shekara talatin ina riƙe aji mai yara sittin. Koya mini."

Yaya in ta kafe ba mai tanƙwara ta. Ni na tuƙa su zuwa filin jirgi a motar wani abokina, wani makaniken shagonmu ya kawo jar. Shigar da Kilo ciki kaɗai aiki ne. Sai ya juya baya ya zauna a bakin ƙofa, in riƙe shi ya zame a hankali, sannan a ɗaga ƙafafun a shigar. Da ya zauna sai ya duba gabansa, ba sitiyari. Ya rasa inda zai sa hannunsa. A nan na tuna cewa tun da aka haɗa motar nan bai taɓa zama a wannan gefen ba.

Ranar farko motar ta mutu a hannun Yaya ba adadi. Tana sakin kuloci sai ta yi tsalle, Kilo ya cije leɓe. Bai yi mata tsawa ko sau ɗaya ba. Da aka tashi na je fito da shi, na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa saboda zafin salansa. Ya kama wuyana na ɗago shi, yana numfashi sama-sama. Ya waiwaya ya dubi kujerar.

"Haka wannan kujerar take?"

"Haka take tun ranar da ka sa na fere ta."

Yaya tana goge fuska da bakin mayafi ta ce, "Ai na gaya maka tun muna amare. Ba ka ji ba ne."

Ya yi ɗan murmushi.

Yaya ta iya. Ta ɗauki watanni, amma ta iya, ta yi lasin, ta fara kai shi asibiti da kanta. Mutanen layin suka saba da ganin dattijuwa da tabarau a cikin 'yar jar mota mai ruri, da tsoho a gefenta ya rungume sanda. Shi kuwa kowace tafiya sai ya kwana biyu yana jinyarta. Na yi masa tayin sabuwar kujera ya fi a ƙirga, ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi. Ya ce motar Tsoho ce, yadda aka haɗa ta haka za ta zauna. Yaya ta sa masa matashin kai, ya riƙa zamewa a kwana, ya cire.

Rannan da yamma ina ɗakina sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Rabonsa da shigowa ɗakin tun zamanin da aka canza motoci. Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon tulin soso a kan kanta.

"Mai Soso."

"Na'am."

"Wanda ba shi da nauyi sosai. Akwai?"

"Akwai."

"Gefena kawai. Kada ka taɓa na direba."

Ban tsokane shi ba, ko da yake na yi shekaru ina tanadin abin da zan faɗa in wannan ranar ta zo. Na sa shi ya zauna a kan ƙwarangwal ɗin kujera, na bi bayansa da hannu ina tambayarsa inda ke ciwo. Ashe ya karkace zuwa dama, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na yanka soso kala uku, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, na cike wajen da ƙugunsa ya lotsa, na ɗaga mazaunin kaɗan don shiga da fita su yi sauƙi. Ya yi ta zuwa gwaji kamar mai ɗinkin riga. Na shimfiɗa bargon tare zafi a ƙarƙashin ƙafarsa, mai walda ya kafa masa mariƙi a saman ƙofa. A duk kujerun da na ɗinka a rayuwata babu wadda na ɓata wa lokaci kamar ta.

Kafin a ɗaura ta sai da ya sa aka ɗora ta a sikeli. Ya duba, ya yi tsaki a hankali. Sannan ya ce gefensa ya fi nauyi yanzu, motar za ta riƙa jan Malama a kwana, a cire batir a mayar da shi bayan kujerar direba. Aka mayar.

Ƙaramin Oga da ya ga ana aikin ya ce tunda an fara, bari a sa wa Yaya sitiyari mai taushi, kyauta. Kilo ya ce a sa, hannunta ya huta. Yaya ce ta ƙi.

"Ku bar mini shi haka. Na tuƙa ta mijin Auta da suka zo, kamar ina juya faranti a cikin ruwa, ban san inda tayar take ba. Wannan kuwa ko tsakuwa na taka sai ta gaya mini."

Kilo bai ji ba, ya tambaye ni me ta ce. Na maimaita masa a kunne. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya juya yana gyara zaman sandarsa.

Shekarun da suka biyo baya su ne na fi ganin su tare. Ba asibiti kaɗai suke zuwa ba. Sukan fita bayan gari da safe, ta hanyar da ke bi ta gefen dam, su tsaya su sha shayin da ta zubo a fulas, su dawo kafin rana ta yi zafi. Hira a cikin motar ba ta yiwuwa, ga ruri ga kunne, don haka suka ƙirƙiro tasu. In yana so ta canza giya sai ya taɓa gwiwarta, in ta sha kwana da kyau sai ya buga mariƙin da yatsa. Ta ce mini wani lokaci da gangan take jinkirta giyar. Wani lokacin kuma barci yake yi, abin da ta ce ba ta taɓa zaton ɗan Adam zai iya yi a cikin motar nan ba.

Ciwon da ya ɗauke shi ba na baya ba ne, zuciya ce. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, 'ya'yansa suka zo, aka gan shi ya gan su. Ranar da na je na ƙarshe ya ce in matso, na kai kunnena. Ya ce tayar gaba ta dama ta fara cinyewa ta ciki, in sa a duba wa Malama kafin damina. Na ce to. Ya rasu washegari da rana, Yaya tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. Tayar kuwa na sa an duba, ta cinye ta ciki.

Yaya ta ci gaba da tuƙi bayan ta fita takaba, ita kaɗai, har idonta ya fara yana, likita ya ce ta haƙura. Masu son saye suka yi ta zuwa, don irin motar ta zama abin nema. Ba ta saurari kowa ba sai Ƙaramin Oga, wanda ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce yana so ya ajiye motar a sabon ɗakin baje koli na kamfani, don masu zuwa su ga inda aka faro. Sai ya yi ta kame-kame, ya ce sai dai yana so a mayar da ita yadda mahaifinsa ya haɗa ta, in ba za ta ji haushi ba.

Yaya ta ce, "Shi ma abin da zai so ke nan. Ku ɗauki motar. Kujerar ku bar mini."

Ni na kwance ta. Tsohuwar tana nan a saman kanta a ɗakina, na kakkaɓe ta na mayar, aka mayar da batir mazauninsa, aka cire mariƙin aka shafe wurin da fenti. Motar tana can yanzu a bayan gilashi, an wanke ta tana ƙyalli. Na je sau ɗaya na gani, ban koma ba.

Kafinta ya yi wa kujerar ƙafafu na katako, aka ajiye ta a barandar Yaya, kusa da tukunyar fulawa. A nan take zama da yamma tana sauraron rediyo. Ba ta yi mata daidai ba, don an yanka ta ne a kan bayan wani, sai ta ɗan karkata dama in ta zauna. Na ce ta kawo in gyara mata, aikin yini ɗaya ne. Ta ce in bar ta, in je in duba ko ruwan shayin ya tafasa.